Baƙon da Hedley Ya Ƙi Ganewa

Kwana uku bayan Kirsimeti, da la'asar, Eldred Baggs ya hau kujera ya cire labulen leshin da ke tagar kicin ɗinsa. Shekara ashirin da wani abu labulen nan yana wurin, tun ranar da matarsa Dulcie ta ɗinka shi ta rataya, kuma tun da ta rasu a sanyin bara bai taɓa shi ba ko don wanki. Ya kaɗe ƙurar, ya yafa shi a ka, ya tsaya gaban madubi. Tsohon da ya saba gani ya ɓace, sai wani farin abu mai ido biyu a bayan raga.

A da can, a kwana goma sha biyun da ke bin Kirsimeti, rana ba ta faɗuwa a Mizzen Cove ba tare da 'yan ɓad-da-kama sun fito ba. Maza su sa rigunan matansu, mata su zura wandunan kamun kifi, a cusa filo a ciki ko a gadon baya, a sa takalmin dama a ƙafar hagu, a rufe fuska da duk abin da hannu ya kai gare shi. Sai a bi gida-gida ana buga ƙofa. Mai gida ba ya hana su shiga. Aikinsa ya gane su ɗaya bayan ɗaya, ya yi tambaya, ya zagaya, ya dubi tafiya da faɗin kafaɗa. Wanda aka kira sunansa ya buɗe fuska a ba shi kek da abin sha. Wanda aka kasa ganewa ya fita yadda ya shigo, fuska a rufe, ciki wayam.

Eldred ya tuna shekarar da suka shiga gida goma sha tara a yamma ɗaya, shi da Hedley Keeping, suna samari. Hedley ya sa rigar barcin kakarsa, har mahaifiyarsa ta kasa gane shi, ta zauna tana ba baƙon labarin lalacin ɗanta Hedley, shi kuwa yana gyaɗa kai. A yammar nan ce Dulcie, tana 'yar shekara goma sha bakwai, ta gane Eldred tun daga ƙofa. Ta ce duk garin ba mai goge ƙafa sau uku kafin ya shiga gidan mutane sai ɗan gidan Baggs.

Yanzu gidajen da hayaƙi ke tashi a cikinsu goma sha shida ne. Mutum ashirin da takwas suka rage, ƙaramarsu Idella mai kanti, shekararta hamsin da bakwai. Kuma wannan ce Kirsimeti ta ƙarshe. A ƙarshen Yuni za a kashe injin wuta, jirgin fito ya daina zuwa, kowa ya kama gabansa.

Ƙuri'a ce ta yanke haka, a watan Satumba. Sharaɗin gwamnati shi ne sai tara cikin goma sun yarda kafin a tashi gari. In mutum uku suka ce a'a, magana ta mutu. Ukun kuwa suna nan: Hedley, da Eldred, da Melvina Fudge mai kaɗa fiyano a coci, wadda teku ya cinye mijinta tun tana da ƙuruciya. A kicin ɗin Hedley suka zauna suka yi alkawari, suka tafa. Da aka buɗe akwati, a'a biyu suka fito.

Hedley bai daɗe yana lissafi ba. Ya san tasa. Eldred kuwa matarsa na kwance a kan tudu bayan coci, wa zai yi tunanin zai tafi ya bar ta? Saura Melvina, mai 'ya a birni da ke kiranta kullum ta dawo wurinta. Ya tare ta a kan gadar jirgi, a gaban jama'a ranar da aka kawo kaya, ya gaya mata abin da ya gaya mata. Ita dai ta ce, “Ba ni ba ce, Hedley.” Sau ɗaya ta faɗa, ba ta ƙara ba. Daga nan har waɗanda suka zaɓi a tafi suka fara yi mata wani irin kallo, don son tafiya daban, karya alkawari daban. Gari ya rabu a kan mai gaishe ta da mai ɗauke kai.

Abin da ya fi hana Eldred sakat shi ne ita ma ta iya lissafi. Ta san tata, ta ga fushin Hedley ba na wasa ba ne. Wata uku ke nan ta san ko wane ne, amma tana gaishe shi kamar kullum. Ranar jajibere ma ta aiko masa da burodi mai zabibi da kati, a ciki ta rubuta, “Salama gare ka, da mu duka.” Ya rataya katin a igiyar da ke saman murhu tare da sauran, ya juya fuskarsa bango.

Ranar Kirsimeti iska ta hana fasto zuwa, sai Wince, mijin Idella, ya ja sujada. Ya yi addu'a Allah ya ba duniya zaman lafiya, ya ba Mizzen Cove rabonta a 'yan watannin da suka rage. Da aka zo wurin da kowa ke ba na kusa da shi hannu, Melvina ta taso daga fiyano ta miƙa wa Hedley nata. Ya sa hannu a aljihu. Ya juyo ya kama na Eldred da hannu biyu ya girgiza, ya ce, “Salama, mutumina. Ka ga mu biyu muka rage.”

Sau biyu bayan nan Eldred ya je gidan Hedley da niyyar faɗa. Sau biyun ya sha shayi, suka yi hirar iska da ƙanƙara, ya dawo. Shi ya sa da Idella ta ce za a fita ɓad-da-kama ko da mutum uku ne, don kada shekarar ƙarshe ta wuce shiru, ya ce a sa da shi. Ya juya abin a ransa har ya gaji: gaskiyar da aka faɗa daga bayan labule, gaskiya ce cikakkiya ko rabinta tsoro ne? Abin da ya sani kawai, da fuskarsa a buɗe ya gwada ya kasa, kuma kowace rana ya ƙara, Melvina ce ke ɗauke da ita.

Ƙarfe biyar saura duhu ya riga ya rufa. Idella ta shigo cikin wandon roba na mijinta da rigar filo a ka, an huda mata ido biyu. Wince na biye cikin doguwar riga mai furanni, akodiyon, abin kiɗan nan da ake ja a matse, rataye a wuya.

“Kawu Eldred, wannan ciki haka?” in ji Idella, tana taɓa filon da ya cusa. “Wata nawa?”

“Tambayi mijinki, shi ya fi kama da ungozoma.”

“Ni ka ƙyale ni,” in ji Wince. “Shekara talatin ina son in san abin da ake ji a cikin rigar nan. Iska ce kawai ke shiga ta ƙasa.”

“Gidan wa za mu fara?” in ji Idella.

“Hedley,” in ji Eldred, ya zura safa a hannuwansa don ta ɓoye ɗan yatsan da igiyar jirgi ta gutsure.

Suka bi hanyar katako da ta zagaye bakin ruwa, suna dafe da ƙarfe saboda santsi. Da yana yaro, daga nan kana jin kiɗa ta gida huɗu ko biyar a lokaci guda, da ihun yara, da haushin karnuka. Yau takunsu kawai yake ji, da ruwa yana lasar ƙafafun gada.

Wince ya buga ƙofa da sanda. Ya yi magana yana jan numfashi ciki, yadda 'yan ɓad-da-kama ke yi, muryar ta fito siririya kamar kukan tsuntsun teku. “Mai gida, a buɗe wa baƙi ko a bar su su daskare?”

Hedley ya buɗe. Ya tsaya yana kallonsu, dogo, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. “Na ɗauka duk kun mutu,” ya ce. “Ku shigo, kada zafin ya fita.”

Kicin ɗin na nan yadda yake tun zamanin mahaifiyarsa: murhun itace, ɗan gado a gefe, tulun shayi da ba ya sauka daga wuta. Wince ya ja akodiyon ya matse, suka yi ɗan tsalle-tsallen da gwiwa ta yarda da shi, faranti na kaɗawa a kanta. Hedley ya jingina yana murmushin da Eldred ya daɗe bai gani ba.

“To, a tsaya haka kada ku rusa mini gida kafin gwamnati ta zo.” Ya zagaya Wince. “Wannan baiwar Allah mai ƙafa kamar kwale-kwale, duk garin mutum ɗaya ne ke kashe waƙar nan a wuri guda kowace shekara. Wince, cire.” Ya juya. “Ke kuma kina warin sabulu da albasa, warin kanti. Idella, 'yata, buɗe ki sha iska.”

Suka buɗe suna dariya, fuska ja. Ya yanka musu baƙin kek, ya zuba wa Idella jan sirop mai zaƙi, ya ɗiga wa Wince abin da ya fi sirop ƙarfi.

Eldred na zaune a bakin ɗan gadon. Bosun, tsohon karen Hedley, ya taso daga gindin murhu ya zo ya ɗora haɓa a gwiwarsa, yadda yake yi kullum.

“Karen nan ba shi da zuciya,” in ji Hedley. “Kowane baƙo ya gani sai ya bi.” Ya jawo kujera ya zauna suna fuskantar juna. “Kai kuma fa? Wannan gefen ruwan kake ko wancan?”

“Wancan,” in ji Eldred, da siririyar murya.

“Ka taɓa shiga jirgina?”

“Na taɓa.”

“Ka iya kamun kifi, ko irin masu amai ne?”

“Na fi mai jirgin iyawa.”

Idella ta kusa ƙwarewa. Hedley ya yi dariya har da buga cinya. “Ji bakinsa. To me ka kawo mana, baƙo? Waƙa ko labari?”

Zufa na bin bayan Eldred. Ta cikin ragar yana ganin fuskar abokinsa a yanke-yanke, kamar an tsaga ta ƙanana.

“Labari,” ya ce. “Mutum uku suka yi alkawari a ɗakin nan. Melvina ta cika nata. Ni ne na ce a tafi.”

Akodiyon ya saki wani dogon nishi a cinyar Wince, ya yi shiru. Idella ta ajiye kofinta a hankali. Itace ya fashe a cikin murhu.

Hedley bai motsa ba. Can ya ce, “Ban san wannan baƙon ba.”

Eldred ya kai hannu ya kama gefen labulen.

“Sauke hannunka. A gidan nan ba a buɗe fuska sai na kira suna. Haka aka yi tun kakanni, ba za a canza ba don gari zai mutu.” Ya tashi ya buɗe murhu ya jefa itacen da ba a bukata, ya tsaya ya ba su baya. “Tunda kai baƙo ne, gaya mini. Me zai sa mutum ya yi haka?”

“Hedley, ranar da muka…”

“Da muryar da ka shigo da ita za ka yi mini magana.”

Haka Eldred ya ja numfashi ciki, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, da muryar wasan yara, yana tsayawa bayan kowace kalma uku don ya sami iska.

“Bara na binne matata. Aka nemi maza shida masu ɗaukar akwati, aka sami huɗu. Huɗun ma suka sauke kafin a fita harabar coci. Kafaɗar wani ta gaza. Aka ɗaure ta a bayan babur ɗin ƙanƙara kamar itace, aka ja ta zuwa tudu.” Ya tsaya. “Da na shiga ɗakin ƙuri'a, a'a na je rubutawa. Sai na tuna. Na ce wanda ya rage na ƙarshe a garin nan, wa zai ja shi ma?”

“Wato taimakona ka yi.”

“A'a. Na so in ce haka, amma ba duka ke nan ba. Na gaji. Na ji tsoron wani sanyin ni kaɗai a gidan can. Ƙuri'ar tawa ce, ban ce na yi nadamarta ba. Shirun da na yi wata uku, shi ne ba ni da abin cewa a kai.”

Hedley ya daɗe yana kallon wuta, hannunsa ɗaya na murza kafaɗar da ta sauka. Eldred ya jira a kore shi, ko a kira sunansa, ko wanne ya zo zai karɓa. Ba ko ɗaya da ya zo.

“Idella, ɗauke faranti daga teburin nan.”

“Me za a yi, Kawu?”

Hedley ya fizge mayafin teburin, mai zanen ja da fari, ya yafa a ka. Ya laluba ya ɗauko wuƙa ya huda ido biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya sa rigar ruwansa a juye. “Akwai gidan da ba za a buɗe mini ba in an ga fuskata. Ku rufe naku mu tafi.”

“Shi fa, ba a ba shi kek ba,” in ji Wince.

“Wanda ba a gane ba ba ya ci. Kai ma ka sani.”

Gidan Melvina na can ƙarshen hanya, kusa da tsohuwar makaranta. Hedley na gaba, Bosun na bin diddigensa. Eldred na baya yana tunanin wane irin hukunci ne wannan. An ji laifinsa, an ƙi a ce nasa ne. Ko Hedley ya bar masa ƙofa ce a buɗe, ko kuwa ya shafe shi ne daga cikin mutanen da ya sani, bai iya rabewa ba. Wataƙila shi ma Hedley bai rabe ba tukuna.

Melvina ta buɗe tun kafin a gama bugu, 'yar ƙaramar mace da tabarau a goshi. Ta dube su ɗaya-ɗaya suna shiga.

“Ba sai na wahalar da kaina ba,” ta ce. “Idella da Wince, tun daga gada nake jin ku. Kai kuma Hedley Keeping, in za ka ɓad da kama ka riƙa barin karenka a gida. Mayafin nan ma ni na ba mahaifiyarka.” Ta juya kan na huɗu, wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana goge ƙafa karo na uku. “Eldred, shigo. Tun la'asar tagar kicin ɗinka take tsirara, duk mai ido a wannan gefen ya gani.”

Eldred ya zare labulen. Iska mai sanyi ta taɓa fuskarsa. Tagar Hedley ma wannan gefen take, ta fi ta Melvina kallon gidan Eldred kai tsaye. Ashe tun kafin su buga ƙofa an san wanda ke tafe.

Hedley ya cire mayafin, ya tsaya yana nannaɗe shi a hannu kamar ɗan makaranta.

“Melvina, na faɗa miki magana a kan gada.”

“Ka faɗa.”

“Na zo in ɗauke abata.”

“Wata uku tana nan, ta yi nauyi. Ba a tsaye za ka ɗauke ta ba. Zauna.” Ta ɗauko kek daga kanta ta fara yankawa. “A kan gada ka faɗa, ranar kaya. Jirgi zai zo Juma'a.”

“Juma'a,” in ji Hedley. “A wurin da na tsaya.”

Ta miƙa wa Eldred faranti, ta dube shi ta saman ido. “Na ɗauka sai mun hau jirgi za ka buɗe baki.”

“Me ya hana ki faɗa, Melvina?”

“Ba maganata ba ce. Kuma in na faɗa, wa zai rage wa wannan tsohon ya yi hira da shi?” Ta nuna Hedley da wuƙa. “Amma kada ka ɗauka daɗi na ji. Ci kek ɗinka.”

Wince ya ɗan taɓa akodiyon a hankali, wata tsohuwar waƙar coci da suke yi tun suna yara, Idella na bi da ƙaramar murya. Melvina ta ba da labarin shekarar da mijinta ya faɗa ruwa daga gada cikin rigar amarya, aka tsamo shi da ƙugiyar kifi. Aka yi dariya, har Hedley. Amma ko sau ɗaya bai dubi inda Eldred yake ba.

Wajen ƙarfe bakwai suka fito, don Idella na son su leƙa gida biyu kafin tsofaffi su kwanta. Eldred ya ce gwiwarsa ta isa haka. Hedley ma ya ce ya gaji. Suka tafi su biyu da kare a tsakani, har inda hanya ta rabu.

Hedley ya tsaya, yana kallon ruwa.

“Na ga itacen matar nan ya kusa ƙarewa. Gobe da safe zan je in faskara mata. Kafaɗa ɗaya ba ta isa ba.”

“Zan zo da gatari.”

“Ban ce na huce ba.”

“Na sani.”

Hedley ya yi taku biyu, ya sake tsayawa, bai juyo ba.

“Kuma ka mayar da labulen Dulcie inda ka same shi, Eldred. Ba na son in leƙo in ga tagar nan haka.”

Da ya isa gida, Eldred ya kunna fitila, ya hau kujera. Sai da ya gwada sau uku kafin sandar ta shiga mazauninta. Ya gyara leshin ya daidaita, yadda take yi, gefen da ya ɗan yage yana ɓoye ta bango. Sannan ya sauko ya je igiyar da ke saman murhu, ya juyo da katin Melvina.